Ina makomar ɗan lakwal, tunda na'ura ta iya Faransanci?

Sanin kowa ne cewa a ƙasar nan tamu, tun daga 1899 da Nasara ya kafa barikinsa a Damagaram, akwai wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki kamar maƙera ko mahauta, amma ta ciyar da gidaje fiye da yadda ake zato. Ita ce sana'ar tsayawa tsakanin takarda da mutane. Hukuma tana magana da Faransanci, talakawa suna magana da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan iyayensu, sai a nemi wanda zai ɗauko magana daga nan ya kai can. Da fari tafinta ne, wanda kumandan ba ya jin kukan kowa sai ta bakinsa. Waɗanda suka yi lise sun san Wangrin, tafintan nan da Amadu Hampate Ba ya ba da labarinsa cikin littafin da ya fito a 1973, mutumin da ya yi dukiya da abin da yake ƙarawa da abin da yake ragewa tsakanin baki biyu. Bayan tafinta aka yi malamin biro, aka yi mai buga injin rubutu, da marubucin wasiƙu mai teburi a ƙofar gidan waya, da mai cika wa ƴan kasuwa takardun duwan, har aka zo kan irina, ɗan jarida mai rubutu da harshe biyu, wanda rabin cefanen gidansa daga fassara yake fitowa. Dukanmu jikokin tafinta ne, mun so ko mun ƙi.

To, wannan sana'a ce ta yi baƙo, baƙon kuwa bai yi sallama ba.

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wanda ƴan lakwal ke taƙaitawa da IA, ba aljani ba ne. Na'ura ce aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har ta gane wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Da wannan kaɗai take rubuta wasiƙa, ta taƙaita rahoto, ta juya magana daga harshe zuwa harshe. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun watan Disamba 2013, amma a lokacin ba wanda gabansa ya faɗi, domin fassarar na'ura ta wancan zamani duk harshen da ta taɓa sai ta bar shi da ɗingishi. Abin ya sake ne ranar 30 ga Nuwamba 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT. Cikin wata 2 aka ƙiyasta masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Yau yaro ɗan aji uku na kwaleji, in yana da talho da ɗan kuɗin intanet, yana iya fitar da takardar neman aiki da Faransancin da mushensa ba zai sami inda zai sa jan bik ba.

A watan Janairu 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI ɗin nan da iyayenmu suka sani tun zamanin tsuke bakin aljihu, ya fitar da lissafinsa. Ya ce kimanin kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya wannan basira za ta taɓa su: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a ƙasashe matalauta irin tamu. Na ji wasu abokan aiki sun yi hamdala da wannan 26, wai talauci ya yi mana rana. Ni ban ga abin hamdala ba. Gaskiya ne manomin Gidan Rumji, da makiyayin Abalak, da ɗan garuwa, da ɗan kabu-kabu, na'ura ba ta san hanyar gidajensu ba. To amma in ka cire su, wa ya rage cikin lissafin? Mu ne, masu zama kan kujera da takarda a gabanmu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a bincikenta na Agusta 2023, ta nuna cewa aikin da ya fi kowane shiga haɗari shi ne aikin biro, irin na sakatare da masu shigar da bayanai, ta kuma lura cewa mata abin zai fi shafa, domin su suka fi yawa a wannan layi. Ƙasa ta yi shekara sittin da wani abu tana gaya wa iyaye su sa ƴaƴansu lakwal don su sami kujera. Ruwan kuwa daidai kan kujerar yake zuba.

Na taɓa ganin yadda sana'a ke mutuwa, shi ya sa ba na jiran in ji an buga ganga. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai buga injin rubutu ne a biron wani suparefe. Ina yaro nakan kai masa abincin rana, in tarar da su huɗu a ɗaki guda, ƙarar injinansu kamar ana sussuka. Da kwamfuta ta shigo ba a kori ko mutum ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati ba a korarsa da sauƙi, kuma ba wanda ya yi niyyar haka. Sai dai wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, wanda ya rasu ba a maye gurbinsa ba, har ranar da aka kwashe injinan aka jibge su a ɗakin ajiya, aka mai da ɗakin wurin salla. Sandika ba ta yi yajin aiki ba, jarida ba ta rubuta layi ɗaya ba. Wa zai yi zanga-zanga don kujerar da ba a taɓa ba shi ba?

Yanzu layi ya zo kaina. Shekarun baya ƙungiyoyin agaji sukan kawo mini takardun wayar da kai, na rigakafi, na tsabtar ruwa, na tamowa, in juya su zuwa Hausa, a biya ni shafi-shafi. Yau ba haka suke zuwa ba. Sai a aiko mini da abin da na'ura ta riga ta juya, a ce, “Malam, ɗan duba mana kawai,” a yanka kuɗin da bai kai rabin na da ba. Wannan “kawai” ɗin ita ce ke ba ni haushi, domin gyaran ɗinkin wani ya fi sabon ɗinki wuya, kowane tela ya sani. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar marubutan Ingila ta tambayi membobinta a farkon 2024, sai kashi 36 cikin 100 na masu fassara suka ce sun riga sun rasa aiki saboda wannan na'ura. In haka ta faru ga masu harsunan da ake biya da tsada, ina ga mai Hausa?

Bari in ba ku misalin abin da nake tararwa cikin duban nan. An kawo mini hirar da aka yi da matan wani ƙauye a kan adashi, an rubuta ta da Hausa, na'ura ta juya zuwa Faransanci don masu ba da kuɗi su karanta. Wata mata ta ce kowace Juma'a tana zuba dala ashirin. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a ƙasar nan ya san dala tamma biyar ce, dala ashirin kuwa sefa 100 ke nan. Na'ura ta rubuta dalar Amurka 20, wato sama da jika goma. Da rahoton ya tafi haka, da an yanke hukunci a wani biro mai sanyi cewa matan ƙauyen nan ba su bukatar tallafin kowa. A wani shafin kuma, inda wani ya ce ya sai da akuya jika talatin, sai ga shi an ba shi jikoki talatin.

Kuskuren nan yana da asali. Na'ura abin da aka rubuta take ci, Hausar da ke rubuce a intanet kuwa mafi yawanta ta Najeriya ce da ta gidajen rediyon ƙasashen waje. A can dala kuɗin Amurka ce, biro abin rubutu ne, lakwal da kuran da duwan kuwa baƙi ne. Ba laifin ƴan'uwanmu na Kano da Katsina ba ne da suka rubuta harshensu. Mu ne muka yi shekaru muna magana da Hausa muna rubutu da Faransanci, har shafin Hausa ya zama ɗan rakiya a bayan jarida. Akwai matasan Afirka da suka tashi tsaye kan wannan matsala, kamar ƙungiyar Masakhane da ta fara a 2019 tana tara rubutun harsunan Afirka don koyar da na'ura. Hausar Tawa da ta Gobir da ta Damagaram kuwa ba wanda zai tara mana su in ba mu ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa, wanda ke matsayin tsarin mulki, ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ban shiga gardamar da wannan ya tayar ba, tana da nata wuri. Abin da na sani shi ne, in har maganar ba ta tsaya a takarda ba, to akwai dokoki, da takardun shari'a, da na haraji, da littattafan lakwal, tuli guda, da ke jiran a juya su. Shekara goma da suka wuce da wannan aiki ya ɗauki ɗaruruwan matasa. Yau kuwa duk daraktan da aka ba ɗan kasafi kaɗan da wa'adi gajere, zuciyarsa za ta raya masa ya zuba dokar cikin na'ura da dare ya kwashe da safe. Ku auna dala ashirin ɗin nan cikin dokar tara, ko cikin takardar da ke gaya wa uwa yawan maganin da za ta ba jariri.

Kada mai karatu ya ɗauka kukan tafinta nake yi don an taɓa tuwona. Sana'ar nan tamu tana da nata zunubi, kuma ku ƴan kasuwa kun fi kowa saninsa. Alhaji nawa ne ya tona asirin cinikinsa ga yaron maƙwabta don kawai ya karanta masa wasiƙar banki? Mace nawa ce mijinta ya rasu, ta yi wata da watanni tana zarya kan kuɗin fanshonsa, tana biyan wannan ya rubuta, tana biyan wancan ya karanta, alhali abin da takardar ta ƙunsa bai wuce layi uku ba? Mun daɗe muna karɓar kuɗin ƙofa a ƙofar da ba mu muka gina ba. Yau Alhaji yana ɗaukar hoton takardar kaya da ta zo daga Lome ko Dubai ko ƙasar Sin, talho ya gaya masa abin da ke ciki, ya kama wanda ya so ya cuce shi. Wannan alheri ne, ba ni da bakin cewa ba alheri ba ne. Ranar da na'ura za ta ji Hausar baka sosai ta amsa da baka, wanda bai taɓa shiga aji ba zai tambayi abin da doka ta ce game da gonarsa ba tare da ya cire hula ga kowa ba. Ina fatan in ga ranar.

Sai dai, Alhaji, kai ma akwai naka. Kasuwancin ƙasar nan a kan murya yake tafiya. Mutum yana Maraɗi ya aika saƙon murya ta WhatsApp zuwa Kano ko Agadas, a loda mota, a tura miliyoyi, ba takarda ba sa hannu, don an san muryarsa. Na'urar nan kuwa ta iya kwaikwayon murya, ɗan guntun maganar mutum ya ishe ta, ta iya ƙera fuska ma. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya shiga taro ta bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗinsu da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, suka umarce shi ya tura kuɗi. Ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron ƙirar na'ura ne. Ɓarayin da suka yi wannan ba su fi na unguwarmu wayo ba, kayan aiki suka riga su samu. Saboda haka duk saƙon murya da ya zo da gaggawa da sabuwar lambar da za a tura kuɗi, a kashe, a kira mutumin ta lambar da aka sani, a tambaye shi abin da shi kaɗai zai iya amsawa.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba kuɗin fassarata ba ne. Ni na riga na haye. Ina gane kuskuren na'ura ne domin na yi shekaru ina yin aikin da hannuna. Da na shiga aikin jarida, shekara biyu cur ba a ba ni komai ba sai juya sanarwar hukuma, da ta rasuwa, da farashin hatsi na kasuwanni. Aiki ne mai gundura, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Babban edita yakan zauna da jan bik ya bi layi-layi, ya tambaye ni don me na zaɓi wannan kalma na bar waccan. A nan na koyi sana'a, ba a lise ba. Haka kowane ma'aikaci da ke karanta wannan shafi ya fara: da rubuta rahoton taro, da shirya jerin sunaye, da kwafe wasiƙar da wani zai sa wa hannu. Haka yaron kanti ke fara da rubuta bashi a kaye kafin a ba shi makullin sito. To, waɗannan ƙananan ayyuka su ne daidai abin da na'ura ta fi iyawa. Ba ta kai ga darakta ba, ba ta kai ga babban edita ba. Matakin farko na tsani take cirewa, waɗanda ke sama kuwa ba su jin komai, har ma aikinsu ya yi sauƙi.

An fara ganin alamar haka a inda abin ya fi nisa. Masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka sun bi takardun albashin miliyoyin ma'aikata, suka fitar da sakamako a watan Agusta 2025: a sana'o'in da na'ura ta fi shiga, aikin matasa ƴan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 in an gwada da sauran, alhali manyan da ke cikin sana'o'in nan ba su girgiza ba. Wannan a ƙasar da ke da ayyuka iri-iri ke nan. Mu kuwa kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Tun ba na'ura, mai digiri yakan gama bautar ƙasa ya koma fada yana dafa shayi, ko ya karɓi alli a matsayin ɗan kwantaragi. Ƴan ƙofofin da suka rage masa su ne irin su sakatare a ƙungiyar agaji, mai shigar da alƙaluma a wani shiri, mataimakin mai lissafi a kamfanin sufuri. In waɗannan suka rufe, ba za a ji ƙarar rufewarsu ba, kamar ɗakin mahaifina. Kuma bayan shekara ashirin, in mu masu duban nan mun tsufa, wa zai san dala ashirin ba dalar Amurka ba ce, ya kuma san Faransancin da zai gyara ta?

Ana cewa na'ura za ta kawo sababbin ayyuka. Za ta kawo, amma a tambayi irin wanda ke isowa Afirka. A watan Janairu 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikata a Nairobi ta ƙasar Kenya, waɗanda aka ɗauka ta hannun wani ɗan kwangila don su tace ƙazaman rubuce-rubuce saboda a tarbiyyantar da ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dalar Amurka 2 a awa, wasunsu kuma abin da suka karanta ya taɓa musu hankali. Ko wannan ɗin sai da wuta da intanet. A nan kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da kuran, kuma ba mu manta da duhun da muka sha ba daga Agusta 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, har zuwa farkon 2024.

Abu guda na'ura ba ta yi: ba ta sa hannu, ba a kuma kai ta gaban alƙali. A watan Yuni 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5.000, domin sun kawo wa kotu hukunce-hukuncen da na'ura ta ƙaga, waɗanda ba a taɓa yankewa ba. Bai nemi na'urar ba, masu sa hannun ya kama. A nan nake ganin ya kamata magabata su kafa ƙafa tun yanzu. Duk wata doka, ko takardar magani, ko sanarwar hukuma da aka juya zuwa Hausa ko wani harshen ƙasa, a rubuta sunan mutumin da ya duba ta a ƙasan shafi, a biya shi kuɗin da ya dace da wanda zai amsa tambaya in an sami ɓarna. Sandikocin ma'aikata, da suka saba faɗa kan albashi da ƙarin girma, su fara tambayar kowace ma'aikata kujera nawa aka bari ba a cike ba bana, kuma don me.

Ku kuma shugabannin biro da masu kamfani, roƙona gare ku ƙarami ne, kuma na san yana da tsada. In an turo muku yaro koyon aiki, kada ku ba shi shara da sayen shayi don na'ura ta riga ta rubuta rahoton. Ku sa shi ya rubuta nasa da hannunsa tukuna, sa'an nan a ɗauko na na'ura a ajiye gefe da gefe, ya nuna muku inda ta fi shi da inda ya fi ta. Zai ci muku awa guda a aikin minti biyar. A biron jaridarmu akwai yarinya guda da ta zo daga jami'a watan jiya, haka muke yi da ita kowace Talata kafin a rufe shafi, kuma har yanzu ba a yanke ko akwai kuɗin da za a riƙe ta bayan wata uku ba.